Nono zalla har wata shida: jagora ga mai jego da mutanen gidanta

A Maradi ba sai an roƙi mace ta ba ɗanta nono ba. Daga cikin gari har ƙauyukan Madarunfa, Tasawa da Dakoro, kusan kowace uwa tana shayarwa, da yawa ma ba sa yaye sai yaro ya haura shekara ɗaya. Gado ne mai kyau, addini kuma ya ƙarfafa shi, don aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ake ɗura wa jinjiri tare da nonon tun yana ɗanyen goyo: ruwa, bauri, rubutu, madarar akuya, ruwan fura. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya gano kashi 23 cikin ɗari ne kacal na jinjirai ƴan ƙasa da wata shida a Nijar ke shan nono zalla. Galibi kuma ba uwar ce ke yanke wannan shawara ba. Kaka ce, ko uwar miji, ko maƙwabciyar da ta fi ta yawan haihuwa. Saboda haka a karanta wannan bayani ga duk mai faɗa a ji a gidan.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar guda uku ne: a sa jinjiri a nono cikin awa guda da haihuwa, a ba shi nono kaɗai har wata shida, sannan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Maganin da likita ya rubuta, ɗigon rigakafi da ruwan gishiri da sukari na gudawa ba sa karya wannan ƙa'ida.

Tsotso ne ke kawo nono

Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar. Duk lokacin da jinjiri ya tsotsa, ƙwaƙwalwar uwa tana sakin sinadarai biyu. Na farko, firolaktin, shi ke sa a ƙera nonon da za a sha nan gaba, kuma ya fi fita da dare, shi ya sa shayarwar dare take da muhimmanci. Na biyu, oksitosin, shi ke matso nonon ya zubo, kuma shi ne tsoro, zafin ciwo, ɓacin rai da kunya suke tauyewa. Nono kamar rijiyar gulbi yake: in ana jan ruwa tana tsatsafo da sabo, in aka bar ta sai ta tsaya inda take. Duk cokalin ruwa ko kunu da ya shiga cikin jinjiri yana rage masa tsotso, raguwar tsotso kuma tana rage nono. Bayan ƴan makonni sai a ji ana cewa ai ba ta da nono, alhali gidan ne ya rage mata shi.

Girman mama ba shi da alaƙa da yawan ruwan nono. Mai ƙanana da mai manya duk suna iya ƙosar da ɗa, har da tagwaye.

Awa ta farko da dakashi

Da zarar an haihu, a tsane jinjiri da tsumma mai tsabta, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, a bar su aƙalla awa guda. Wanka ya jira har sai an kwana. A wannan lokaci jinjiri a farke yake, zai nemi nono da kansa. Tsotsonsa kuma yana sa mahaifa ta tsuke, jinin biƙi ya ragu.

Dakashi, nonon farko mai kauri mai launin ɗorawa, shi ne wanda wasu ke matsewa su zubar wai gurɓatacce ne. Babu abin da ya fi shi amfani a kwanakin nan. Cike yake da garkuwar jikin uwa da bitamin A, yana lulluɓe hanjin jinjiri daga ƙwayoyin cuta, yana fitar da baƙin kashin farko, wanda fitarsa ke rage shawara. Kaɗan ne, gaskiya, amma cikin jinjiri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi guda ko ɗaya da rabi a sha ɗaya ba. A rana ta uku ko ta huɗu nono zai sauko sosai. Jiran saukowarsa da ruwan ɗumi ko madarar akuya jinkirta shi yake yi.

Gwajin da ake yi na tatsar nono a jefa tururuwa a ciki, wai in ta mutu nonon mugu ne, ba ya nuna komai. Nonon mai haihuwar fari ba ya buƙatar wanki ko gyara.

A kan al'adun da suka shafi addini, akwai hanyar da ba ta ɓata wa kowa. In za a yi tahniki da dabino, a wanke hannu da sabulu, a shafa ɗan kaɗan a dasashi bayan jinjiri ya riga ya kama nono, ba a jiƙa a ɗura masa ba. Rubutu kuwa uwa ta sha, ko a shafa wa yaron a jiki. Zuma dai kada ta shiga bakin yaro sai ya shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jinjiri.

Riƙo da kamu

Yawancin ciwon kan nono da kukan rashin ƙoshi daga nan suke tasowa, kuma gyaransu bai fi minti biyar ba in an samu mai nunawa.

Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da jinjiri gaba ɗaya ya fuskance ki, cikinsa manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi ɗaya, hannunki ya tallafe shi har ɗuwawu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwantar da shi rigingine a cinya, uwa ta sunkuya ta miƙa masa kan nono, shi kuma ya karkato wuya. A haka ba zai iya haɗiya da kyau ba. Ki sa hancinsa daidai kan nono, ki goga masa a leɓen sama, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi da sauri zuwa gare ki. Ki tallafi maman da tafin hannu daga ƙasa, kada ki maƙale shi tsakanin yatsu biyu kusa da baki, don hakan yana hana shi cika baki.

In kamun ya yi, za ki ga bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya lanƙwaso waje, haɓarsa ta taɓa mama, baƙin da ke kewaye da kan nono kuma ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Kumatunsa za su cika, zai ja a hankali mai zurfi, ya ɗan dakata, ki ji haɗiya. In kumatun suna lotsawa, ko kina jin tsut-tsut, ko zafi ya ƙi tafiya bayan ja na farko, kan nono kaɗai ya kama. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake. Kada ki fizge.

Ki bar shi ya gama da ɗaya har ya saki da kansa kafin ki ba shi ɗayan. Nonon da ke fara fitowa mai ruwa-ruwa ne, yana kashe ƙishirwa. Na ƙarshe shi ne mai maiƙo, mai ƙosarwa da sa ƙiba. Uwar da ke sauya masa gefe bayan minti biyu-biyu tana cika masa ciki da na farkon, shi ya sa bai daɗe ba sai ya sake kuka. Sha takwas zuwa sha biyu a yini da kwana shi ne daidai ga sabon haihuwa. Kada a jira kuka: motsa baki, tsotsar hannu da juya kai yana nema sun isa alama.

Maganar ruwa a bazara

A Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40, babba ma maƙoshinsa bushewa yake. Kaka za ta ce: "Wannan zahi, a hana ma ɗiya ruwa? Ai alhaki ne." Tausayi ne ya sa ta faɗa, don haka a ba ta amsa cikin ladabi da hujja. Kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, tatacce, wanda bai bi ta randa ko jarka ko moɗa ba. Jinjirin da ke jin ƙishirwa yakan nemi nono akai-akai ya sha kaɗan-kaɗan, wannan shi ne shan ruwansa. Wadda ke buƙatar moɗar ruwa ita ce uwar. A ajiye mata kusa, ta sha duk sanda ta zauna shayarwa.

Ruwan da aka ba jinjiri ɓarna biyu yake yi. Yana cika ɗan cikin da abin da babu abinci a cikinsa, kuma yana shigar da ƙwayoyin gudawa, ko na rijiya ne, ko na famfo, ko na leda. Gudawa da ƙarancin nono su ne babbar hanyar tamowa, kuma duk wanda ya ga yadda wuraren kula da masu tamowa ke cika a jihar nan lokacin damina ya san ba ƙaramar magana ba ce. Bauri ma haka: ba a san adadin abin da ke cikinsa ba, ƙodar jinjiri kuma ba ta yi ƙwarin tace shi ba.

Ga hujjar da kaka za ta gani da idonta. Daga kwana biyar da haihuwa, jinjirin da nono ke isarsa yana fitsari sau shida ko fiye a yini da kwana, fari ba mai wari ba. Kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa mai laushi. A roƙe ta ita ta riƙa ƙirga tsumman fitsarin. Kakar da aka ba wannan aiki takan zama mai tsaron jikanta daga masu ɗura.

"Nonona ba ya isarsa"

Kafin a yarda da wannan, a duba fitsari da sikeli. Jinjiri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya maido shi cikin mako biyu, daga nan ya yi ta hawa. Ki kai shi awo kowane wata a cibiyar kiwon lafiya (CSI) mafi kusa, ki sa a nuna miki layinsa a kati. Laushin mama bayan wata guda ko biyu ba ƙafewa ba ce, jiki ne ya daidaita da buƙatar yaron. Akwai kuma kwanakin da jinjiri zai maƙale wa nono ba dare ba rana, misali wajen mako na uku, na shida da wata na uku. Girma yake yi, yana neman ƙari, kuma cikin kwana biyu ko uku nonon zai ƙaru in an bar shi ya sha.

In da gaske nauyin ba ya hawa, a gyara kamu, a ƙara yawan shayarwa har da dare, a daina duk wani abin ɗurawa, a tatsa bayan ya sha. Ko nonon da ya kusa ƙafewa yana dawowa da haka. Madarar gwangwani ba ita ce mafita ta farko ba: kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje, sai a riƙa tsinka ta da ruwa, kwalba mai robar tsotso kuma tana da wuyar wankewa. Inda ta zama dole, kamar maraya, ma'aikacin lafiya ne zai tsara, a kuma bayar da kofi. Madarar gari ta shayi da mai zaƙi ta gwangwani ba abincin jinjiri ba ne ko kaɗan.

Jego, da nauyin da ke kan maigida

Kwana arba'in na jego babbar dama ce, don ana ɗauke wa mace aiki tana tare da ɗanta. A riƙe wannan. Abin da za a rage shi ne kanwa da tsananin zafin wanka. Kunun kanwa ba shi ke kawo nono ba, kuma kanwa mai yawa tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga hawan jini, tana wahalar da zuciyar mai jego. Duk mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kai ta likita ranar. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda hannu ke jurewa.

Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kwano guda ko biyu a kan abin da ta saba ci: tuwo da miyar kuka ko zogale, wake, ƙuli-ƙuli, fura da nono, ƙwai, kifi ko hanta in an samu. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini in an ba ta. Ko macen da ba ta ƙoshi sosai nononta yana da kyau, sai dai jikinta ne ke biya, don haka ita za a ciyar. A watan azumi addini ya yi mata rangwame in ta ji tsoron cutuwa ga kanta ko ɗanta.

Malam maigida, hidimarka ba ta ƙare a ragon suna ba. Bayan arba'in ne nono yake fara raguwa, lokacin da ta koma surfe, daka, ɗiban ruwa, itace da aikin gamana, ta bar jinjiri a hannun yayarsa ƴar shekara bakwai da kofin ruwa. Kuɗin niƙa a inji, jarkokin ruwa daga mai kura, da magana ɗaya da za ka yi wa mahaifiyarka cikin girmamawa cewa likita ya ce nono zalla, sun fi kowane maganin ƙarin nono. Abokiyar zama da ta karɓi girki na ɗan lokaci ta yi babban taimako, a kuma gode mata.

Sai kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta yi haihuwar farko, sau da yawa ƙarama ce, tana nauyin ɗaukar ɗanta ko ba shi nono a gaban iyaye da surukai, sai ta bar shi yana kuka har a ce mata ta ɗauka. Kunya tarbiyya ce, amma kada jinjiri ya kwana da yunwa saboda ita. A ware mata ɗaki ko labule, babbar mace guda ta zauna da ita ta nuna mata kamu, a daina yi mata dariya in ta rungumi ɗanta.

In za ki fita: tatsa da ajiya

Dokar aiki ta Nijar ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da hutun shayarwa har awa guda a ranar aiki bayan ta koma. Mai zuwa gona ko kasuwa ta goya ɗanta ta tafi da shi in da hali. In babu hali sai tatsa.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki zuba tafasasshen ruwa a kofi mai murfi, ki zubar. Ki ɗan murza maman a hankali. Ki sa babban yatsa a saman baƙin kewayen, manuniya a ƙasa daidai da shi, ki danna su baya wajen ƙirji, sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki. Kada ki ja kan nono, kada yatsu su zame a fata. Ki zagaya da yatsun ko'ina, minti uku zuwa biyar a kowane gefe, kina sauyawa har minti ashirin ko talatin. A rufe a ajiye a inuwa mafi sanyi, misali gindin randa, a ba shi cikin awa huɗu, a bazara ma kafin haka. A firigo yana kwana uku zuwa huɗu in wuta ba ta ɗauke ba. Kada a tafasa shi, a tsoma kofin a ruwan ɗumi kawai. Mai ba shi ta zaunar da shi a cinya, ta kafa bakin ƙaramin kofi a leɓensa na ƙasa ya lasa da kansa, kada ta kwarara.

Haka ake yi wa bakwaini da wanda bai kai kilo biyu da rabi ba in ya kasa tsotso, tare da ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata dare da rana.

Ciwon mama da rashin lafiya

In mama ya cika ya yi tauri har jinjiri ya kasa kamawa, a gasa da tsumma mai ɗumi, a tatse kaɗan ya yi laushi, a sa shi ya sha, bayan nan a ɗora tsumma mai sanyi. Tsagewar kan nono kamu ne bai yi ba: a gyara, a shafa ɗigon nono a bar shi ya sha iska, ban da sabulu, toka ko man zafi. In gefe ɗaya ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, a ci gaba da shayarwa da shi, don barinsa cike shi ke kai shi ga yin ƙurji. In an kwana bai sauka ba, sai likita.

Uwa mai zazzaɓin cizon sauro, mura ko gudawa ta ci gaba da shayarwa, ta dai faɗa wa mai rubuta magani tana goyo. Mai ɗauke da cutar sida ma, in tana shan maganinta kullum, nono zalla ake ba ta shawara har wata shida, haɗa shi da wani abu ne ya fi haɗari. Jinjiri mai gudawa a ƙara masa nono, a kai shi a karɓo ruwan gishiri da sukari da maganin zinki. Amma wanda ya ƙi kama nono sam, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi jijjiga, ba a kwana da shi a gida.

Sabon ciki, abinci da yaye

Nono zalla yana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin ɗari, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu: yaron bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma yana sha dare da rana ba a haɗa masa da komai. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. A je a nemi hanyar tazarar haihuwa, a ce ana shayarwa, don ƙwayoyin da ke da sinadarin estirojin suna iya rage nono, akwai kuma waɗanda ba sa taɓa shi.

In kwanika ta faru, nonon mai ciki ba guba ba ne. Yaron da ake cewa ya sha ciki, abin da ya kayar da shi yayen dare ɗaya ne: an shafa wa nono abu mai ɗaci, an kai shi gidan kaka, ya rasa uwa da abincinsa lokaci guda, ya ƙi ci, gudawa ta biyo. Mai cikin da ke lafiya tana iya ci gaba da shayarwa ta ƙara cin abinci, sai in tana zubar jini ko an ce mata cikin yana barazanar fita.

Da cikar wata shida a fara abinci, nono yana nan. Kunun gero mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, a zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, garin zogale, cokalin mai, wani lokaci ƙwai ko dakakkiyar hanta. A fara da cokali biyu ko uku sau biyu a yini, a kai rabin kofi sau biyu zuwa uku kafin wata tara, sau uku zuwa huɗu daga nan. Yanzu ne zai fara shan ruwa, tafasasshe, a kofinsa. A ba shi kwanonsa daban, don a kwanon taro yayyensa za su riga shi. In lokacin yaye ya zo, a janye shayarwa ɗaya-ɗaya cikin makonni, ta rana kafin ta dare, yaron yana gaban uwarsa, kuma kada a fara yana ciwo ko a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.